Ana Neman Haihuwar Laraba Guda Ɗaya

Ya mai girma Shugaban wannan taro, kuma Shugaban ɗaliban Gidan Odum, Theophilus Adomako, ma'abocin ƙararrawa, wanda in ya kaɗa ta ko fankar sama sai ta sassauta kukanta. Ya mai girma Uban Gida, Furofesa Nkansah, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana yi mana alkawarin ruwa zai hau bene na huɗu, kuma saboda tsabar riƙon amana har yau bai janye alkawarin ba. Ya uwarmu Anti Dufie, mai wake da shinkafa a bakin ƙofa, wadda ludayinta ya yaye likitoci da injiniyoyi fiye da yadda majalisar jami'a ta yaye. Ya ku masu gadi, masu ganin komai su yi kamar ba su gani ba. Ya ku 'yan shekarar farko, da har yanzu kuke goge riga kafin ku tafi aji. Ya ku 'yan shekarar ƙarshe, da kuka daina. Ya ku masu jiƙa gari da sukari da gyaɗa, da ku masu jiƙa shi da tawakkali kaɗai. Ya ku haihuwar Litinin da Talata, da Alhamis da Juma'a, da Asabar da Lahadi. Sannan ya ku haihuwar Laraba, waɗanda na san kuna nan ko da ba ku amsa ba: ina gaishe ku da gaisuwar da ta dace da darajar kowannenku.

Sunana Kwaku Twumasi, ɗaki na ɗari biyu da bakwai, shekarar ƙarshe a sashen tarihi. An ba ni minti biyar a ƙarƙashin "sauran batutuwa". Zan yi ƙoƙari in mutunta su, amma ban yi rantsuwa ba. Ina kuma roƙon a bar ni in yi maganata daga bayan wannan teburi, ba tare da na fito fili ba, saboda wani dalili da zai bayyana a kan lokacinsa.

Ina godiya ga Shugaba da ya ba ni wannan dama bai tambayi abin da zan faɗa ba. Wannan karamci ne da tarihi zai rubuta, kuma ni ɗalibin tarihi ne, zan tabbatar an rubuta.

Batuna na farko shi ne darajar mutumin da ake bincike a kansa.

Jama'a, idan aka buga littafin ilimi, sunan furofesa ne a bango, sunan wanda ya ba da tallafi ne a shafin godiya. Amma ku buɗe tsakiya, za ku ga an rubuta: "An gwada ɗalibai ɗari biyu." Su wane ne waɗannan ɗari biyun? Mu ne. Mu ne muke ganin takarda manne a jikin bishiyar mangwaro, ko saƙo a zauren waya na aji, ko malami ya ce akwai maki biyar ga wanda ya je, sai mu ɗaure fuska mu tafi kamar masu zuwa ceton ƙasa. A kanmu aka gina ilimin duniya, kuma ladanmu fanke biyu ne da kwalbar lemo.

Ina faɗin wannan da ikon wanda ya yi hidima. A shekara huɗu na shiga bincike goma sha ɗaya. Na tofa miyau a kwalba saboda sashen haɗa magunguna. Na ɗanɗana gari iri shida ido a rufe saboda sashen noma, na kuma gaya musu gaskiya cewa na huɗun yashi ne. Na hau keken da ba ya zuwa ko'ina har na ga kakannina. Na amsa tambaya ɗari da tamanin a kan ko ina jin kaɗaici, alhali mu shida ne a ɗakin mutum biyu. Duk wannan na yi shi kaina a sama, kuma ban taɓa fitowa daga ɗayansu ina jin an taɓa wani abu a cikina ba, sai na goma sha ɗayan.

Wannan ya kawo ni batu na biyu, wato Madam Afrakoma Gyamfua, da ɗakinta da ke ƙarƙashin benen sashen nazarin halayyar ɗan Adam.

Duk kun san ta ko da ba ku san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai koren fayil da ke tsayawa a ƙofar ɗakin cin abinci tana tambayar mutane, "Don Allah, wace rana aka haife ka?" Shekara biyar tana kan wannan aiki. Digirinta na uku gaba ɗaya a kan magana ɗaya ya tsaya, maganar da kowannenmu ya sha tun a goyo: wai haihuwar Litinin mai sanyin rai ne, haihuwar Laraba kuma fitinanne, mai saurin hannu, mai neman rigima. Kakanninmu sun faɗa, malaman firamare sun zartar da bulala, amma babu wanda ya taɓa zama ya auna. Ita ta ce za ta auna. Ta rubuta wa kwamitin da ke ba da izinin bincike cewa za ta gwada ɗalibai hamsin daga kowace rana, hamsin sau bakwai, ɗari uku da hamsin.

'Yan Litinin sun cika a mako uku, saboda sun san yabo za su je karɓa. 'Yan Juma'a sun zo da abokansu. 'Yan Laraba kuwa shekara biyu ta yi tana bin su. Wanda ta tara sai ya ce yana da aji. Wata ta ce mata, "Madam, in na'urarki ta ce gaskiya ne fa? Surukata ta samu takardar shaida ke nan." Ni ne na hamsin. Da na faɗi sunana a ƙofar ɗakin cin abinci, Kwaku, sunan da ake raɗa wa namijin da aka haifa ranar Laraba, sai da matar nan ta dafa bango.

A bakin ɗakin nata akwai benci. Nan kake cire takalminka ka tura ƙarƙashi, ka sa silifas shuɗi na roba, don kada ƙura ta shiga wa na'urori. Sai ta karanta maka takardar amincewa, layi bayan layi, ta ce kana da ikon tashi ka tafi a kowane lokaci ba tare da ka ba da dalili ba. Jama'a, shekara huɗu ina jami'ar nan, wannan ne karo na farko da wani ya ce mini ina da ikon tashi in tafi. Ba ta rubuta cikakken sunanka, ba ta rubuta kwanan watan haihuwarka, saboda sirri. Shekarunka kawai, da sunan ranarka, sai ta ba ka lamba.

Abin da ake sa mutum ya yi a ciki na yi alkawarin ba zan faɗa ba, domin in kun sani gwajin ya lalace. Amma zan faɗi abin da na gani bayan an gama. Ta juyo da allon na'ura wajena, ta ce, "Ga ka nan." Sai na ga wani koren zare yana tafiya, yana hawa yana sauka. Zuciyata ce. Wannan abin da yake aiki a ƙirjina tun kafin a raɗa mini suna, bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa yajin aiki ba, ban taɓa ce masa sannu ba, ga shi a gabana yana rubutu da hannunsa. A ƙasansa akwai wani zaren, na gumin yatsuna. Ta sa alƙalami a wani wuri ta ce, "A nan ranka ya ɓaci." Na ce, "Madam, ban ji haushi ba sai can gaba." Ta ce, "Kai ba ka ji ba. Jikinka ya riga ka da daƙiƙa biyu." Daƙiƙa biyu, jama'a. Ashe akwai wani a cikina da yake samun labari kafin ni, kuma shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya ba mu taɓa gaisawa ba. Na zauna ina kallon zaren nan yadda ya hau, ya yi rawa, sannan a hankali ya sauko ya kwanta da kansa, babu wanda ya ba shi haƙuri.

Sai na tambaye ta abin da ya sa ta zuba ƙuruciyarta a wannan rami. Tana naɗe wayoyi ta ce, "Ina da ƙane, sunanku ɗaya. In alli ya ɓata a aji, shi ake fara duka, sannan a yi bincike. A aji biyar ya ce tunda an riga an san shi ne, bari ya huta da musu. Yanzu yana gyaran mota a Suame. Ya fi ni kai nesa ba kusa ba." Sai ta miƙo mini fanke biyu da lemo, ta ce in gaida gida.

Batu na uku shi ne faɗuwata, kuma ina roƙon 'yan bene na biyu su riƙe dariyarsu har in kai aya.

Na fito daga ɗakin nan ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Na kira mahaifiyata. Na ce, "Maame, yau ɗanki ya wanke sunan 'yan Laraba a gaban na'ura."

Ta ce, "Wace Larabar?"

Na ce, "Tawa mana."

Sai na ji ta ajiye wayar a kan wani abu tana dariya, har tana kiran maƙwabciya ta zo ta ji. Da ta dawo ta ce, "Kai ai ranar Litinin aka haife ka, da hantsi, ina hanyar kasuwar Ejisu da kwandon tumatir. Larabar ta Kwaku direba ce, wanda ya sauke fasinjojinsa a bakin titi ya juya da ni asibiti. Ubanka ya ce sunan mutumin nan za ka ci gaba ɗaya, har da ranarsa."

Na ce, "Maame, shekara ashirin da biyu ana dukana a kan Laraba."

Ta ce, "To ka taɓa tambaya? Kuma kada ka cika baki, rabin dukan da guminka ka same shi. Ka ci abinci?"

Ya ku ma'abota hankali, ku dubi wannan al'amari. Wane ne a ƙasar nan zai ga Kwaku ya tambaye shi ranar da aka haife shi? Madam ba ta tambaya ba. Ni ban tambaya ba. Malamin da ya karya rula a bayana yana cewa "halinku ne" bai tambaya ba. Ni haihuwar ranar salama ne, ranar masu sanyin rai, amma aka ce mini fitinanne tun ina rarrafe, ni kuma saboda ladabi ban so in ƙaryata manya ba.

Kwana uku ina kokawa da kaina. Lamba ce kawai a cikin fayil, babu mai sani. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga koren zaren nan, wanda bai yi mini ƙarya ba ko da ta daƙiƙa biyu. A rana ta huɗu na koma. Na cire takalmina a benci, na sa silifas, na shiga na faɗa mata.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na samu sauƙi. Ta buɗe fayil, ta zare takardata, ta ajiye ta gefe guda kamar mai ajiye ƙwai. Sannan ta ce, "Na gode da ka faɗa. In akwai irinka ɗaya, za a iya samun goma." Na fita da baya ina ba da haƙuri, ban san lokacin da na iso Gidan Odum ba.

Abin da matar nan ta yi bayan haka shi ne ya sa na tsaya a gabanku. Ta nemo sauran mutum ɗari uku da arba'in da tara, ɗaya bayan ɗaya, ta sa kowa ya kira uwarsa a gabanta, ko ya kawo katin awon jarirai. Kwana goma sha biyu iyaye mata suna amsa waya daga Tamale har Takoradi, daga gona, daga coci, daga bakin murhu, kowace tana ba da labarin naƙudarta tun daga farko, domin babu uwar da za ka tambaya rana ta ba ka rana kawai. Madam ta saurare su duka. Kuma a cikin wannan taro mai yawa, mutum nawa aka samu da ranar aro? Ɗaya. Shi ne yake muku jawabi.

Yanzu ga inda aka tsaya. 'Yan Laraba arba'in da tara ne. Na ce mata, "Madam, ɗaya ai ba komai ba ne." Ta ce, "A kowane rukuni ba komai ba ne, ban da wannan. In na miƙa arba'in da tara, za a ce na cire wanda zai ɓata mini sakamako ne." Izinin da kwamiti ya ba ta zai ƙare jibi Juma'a da ƙarfe goma sha biyu na rana. Bayan wannan lokaci, ko mutum ya kawo kansa ba ta da ikon ɗaura masa waya a yatsa. Sabunta izini zango guda yake ci, ita kuma wannan ne zangonta na ƙarshe, an riga an ƙara mata sau biyu. Shekara biyar, da iyaye mata ɗari uku da arba'in da tara, da wani bakanike a Suame da bai san ana yi dominsa ba, duk suna rataye a kan kujera ɗaya da babu kowa a kanta.

Batu na huɗu, kuma a nan zan taka a hankali. Madam ta hana tilas. Ta ce wanda aka turo ba ta so, sai wanda ya zo da ƙafarsa. Saboda haka ba zan ambaci sunan kowa ba.

Zan dai ce na san akwai 'yan Laraba da suka shige cikin sunan baftisma suka ja ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba, domin na san abin da suka gudu, na sha shi a madadinsu. Zan kuma ce, bisa al'adar gidan nan ta yi wa mai bikin ranar haihuwa wankan dole, akwai wani bawan Allah da muka juye wa bokiti goma sha huɗu ranar sha tara ga Maris, yana ihu yana cewa a tausaya wa shekarunsa ashirin da uku. Ni kuma tun abin da ya same ni na zama mai bin kalanda. Na koma baya shekara ashirin da uku a wayata, na duba, na sake dubawa. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Zan dai ce mutumin nan, a shekara biyu da na san shi, an zage shi a taro, an ɓoye masa ƙararrawa, an zuba masa gari a takalmi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In akwai zaren da ya kamata duniya ta gani, nasa ne. Kuma ko wane irin zare ya fito, Madam za ta rubuta shi yadda yake, wannan na gani da idona.

Shugaba, na ga hannunka ya tafi wajen ƙararrawa. Minti biyar ɗin sun wuce tun ina kan keke, na sani.

A'a, jama'a, ku yi shiru. Ba ƙararrawar ya ɗauka ba. Hannu ya ɗaga.

Sakatare, ina roƙo a rubuta cewa babu wanda ya ambaci suna, kuma babu wanda aka tilasta. Shugaba, gobe ƙarfe tara tana nan. Ka kira mahaifiyarka tukuna, ka ba ta lokaci, labarin yana da tsawo. Kuma in ka yarda, daga yau ni da kai mu yi musaya: na riƙe maka sunan shekara ashirin da biyu, ban ce na riƙe shi da kyau ba, amma ga shi nan da sauran amfani.

Allah Ya albarkaci wannan gida da mazaunansa. Allah Ya ba Madam Afrakoma ikon rufe koren fayil ɗinta, Ya sa abin da ta auna ya isa kunnen kowane malami mai riƙe da rula. Allah Ya saka wa Kwaku direba, duk inda yake, da fasinjojin da ya bari a titi. Allah Ya ja kwanan iyayenmu mata, masu riƙe da ranakunmu. Allah Ya hau da ruwa bene na huɗu a zamanin Furofesa. Allah Ya sa ludayin Anti Dufie ya ƙara zurfi.

Saura magana ɗaya, Shugaba, wadda ita ce ta sa na nemi minti biyar tun farko. Yanzu zan fito daga bayan teburin nan, kowa ya dubi ƙafata.

Wannan silifas shuɗi, mai lamba uku a dunduniya, dukiyar sashen nazarin halayyar ɗan Adam ne. Da shi na gudo ranar da na yi iƙirari, kuma mako biyu ke nan kunya ta hana ni komawa hannu wofi. Takalmina yana ƙarƙashin bencin nan, baƙi, na fata, ƙafa arba'in da uku, na hagun ya ɗan buɗe baki. Shi kaɗai gare ni, ranar Litinin kuma zan tsaya gaban malamai in kare aikina na ƙarshe, kuma ba a shiga da yatsu a waje. In ka je gobe, ka miƙa mata wannan, ka ce na gode. In ka fito, don girman Allah, ka taho mini da nawa. Akwai safa a ciki, ita ma ina so.

Na gode.